Facin da ke Jikin Gidan Sauro

Da ta ɗaga gidan sauron don shugabannin ƙananan hukumomi su gani, sai ta tsaya tana kallon gefensa.

To, ita ce fa jami'ar da ofishin tsare-tsare a Minna ya ɗora wa kula da bakin kogi, kuma 'yar masunta ce gaba da baya. Yanzun nan ta gama faɗa har da buga tebur, wai masu jan gidan sauro a ruwa suna kwashe 'ya'yan kifi tun ba su yi ƙaya ba, don haka duk wanda aka kama a ƙwace jirginsa, ko uban waye.

"Ranki ya daɗe, ci gaba mana," in ji wani ciyaman. "Wannan na wani tsoho ne da muka kama jiya. Wai 'yarsa ce a birni ba ta shan miya sai da ƙananan kifi. Ji tsohon banza."

Aka kwashe da dariya. Ita kuwa idonta na kan wani faci a gefen ragar, ƙyallen shuɗiyar atamfar da ta ɗinka wa innarta da sallah. Gidan sauron ma ita ta aika wa iyayenta.

"A ƙwace jirgin?" ciyaman ya tambaya.

"A ƙwace," ta ce, murya can ƙasa.

Ta haɗiyi yawu, Allah sarki, ɗanɗanon kifin ɗumamen safe yana nan a harshenta.