Ragon Mahauci da Kiɗan Mutum Huɗu

Ranar Laraba ce, ranar kasuwa. An yi ruwa da asuba, gari ya yi luf, rana ba ta fito da ƙarfi ba. A ranar ne kaset ɗin da aka daɗe ana jira ya iso tasha.

Makaɗa huɗu ne suka haɗa kai, kowanne ya yi suna tun kafin haɗuwar. Akwai mai kalangun mahauta. Akwai mai ganga da ya tashi a filin dambe. Akwai mai jitar lantarki daga arewa, wanda direbobi ke mutuwar sonsa, sai wani mawaƙi mai murya kamar ana jan buhun tsakuwa a kan kwalta. Kowa ya bar yaransa, suka shiga ɗaki ɗaya suka yi kiɗansu na farko tare. Tun ba a ji ba gari ya rabu. Direbobi suka ce mai jita ne gwani, sauran ukun 'yan rakiya ne. 'Yan dambe suka ce ganga za ta haɗiye kowa. Mata masu abinci suka ce su dai kada a danne musu mawaƙinsu.

To, akwai wani mahauci a bakin tashar, magidanci, wanda tun yana saurayi ba a buɗe fili a bikin mahauta sai ya taka. Kalangun nan ya san ƙafarsa, ƙafarsa ta san kalangun. Shi abin ya fi yi wa ciwo. A ganinsa an ɗauki kiɗan iyaye da kakanni an zuba a injin niƙa. Da wani direban tirela, abokin wasansa, ya ishe shi da tsiya, sai ya nuna ragon da yake kiwo a bayan rumfa, fari mai baƙin wuya, wanda yake ba dusa da hannunsa. Ya ce, "In ƙafata ta motsa wa wannan hayaniya, ragon nan na tasha ne." Mutane suka shaida.

Da hantsi mai kaset ya ɗaure lasifika a jikin dalbejiya, ya ƙure murya. Jita ta soma kuka kamar babbar mota na hawan tudu da kaya, ganga ta faɗo mata a ka, kwanukan masu abinci suka kama rawa a kan tebur. Kaji suka watse. 'Yan kamasho suka bar lodi, wata mai fura ta sauke ƙwarya ta ɗaure gyale a ƙugu. Masu gardamar jiya kowa ya kasa kunne yana neman gwaninsa don ya nuna shi ne gaba, aka rasa inda wannan ya tsaya wancan ya ɗauka. Da neman ya gagara, sai suka haƙura suka faɗa fili.

Mahauci ya juya baya, ya ɗaure fuska, ya jawo cinyar saniya kan gungume yana sara. Amma kunne ba shi da marfi. Can ƙarƙashin rugugin ya jiyo kalangunsa. Ba tafiyar ƙasaitar da ya saba yake yi ba, gudu yake yana zolayar ganga, kamar tsohon da ya yar da sanda. Mahauci bai san lokacin da gatarinsa ya bi kiɗan ba. Ganga ta sauka, gatari ya sauka. Direban tirelar nan ne ya fara lura, ya yafito mutane da hannu. Kafin mahauci ya ɗago an kewaye rumfarsa, kowa na kallon ƙasa, inda diddigensa na dama ke dukan laka.

Ya dubi ƙafar, ya dubi ragon. Rago na tuƙa, bai san ana yi ba. Direba ya ce, "Sarkin taurin kai, ƙafar nan taka ce ko aro ka yi?"

Tunda rago ya riga ya tafi, mahauci ya ga ba zai yi asara biyu ba. Ya ajiye gatari, ya goge hannu, ya fito. Ya ɗauko takunsa na da, mai jan ƙafa da yanga, kiɗa ya wuce ya bar shi a baya har ya yi tuntuɓe. Aka kwashe da dariya. Ya sake gwadawa, ya sake makara. Sai ya tsaya cik ya saurara, ya tuna yadda gatari ya samu hanya ba da shawararsa ba. Ya saki kafaɗu, ya ɗaga hannu sama ya sauko da shi tare da ganga, kai na bi, ƙafa na kirɓa laka. Fili ya ɗauki sowa. Mai fura ta rangaɗa guɗa. Nan da nan tasha duka ta koma saran iska, direbobi da 'yan dambe da masu abinci, ba mai tambayar gwanin wa ya fi. Aka yi ta juya kaset har la'asar. Hularsa ta faɗi, bai neme ta ba.

Washegari da sassafe ya kwance ragon, ya shafa masa wuya, ya yanka. Ya hura wuta, ya yi balangu, ya barbaɗa yaji ba rowa, ya aika a kira mai kaset ya zo da lasifikarsa. Kowa a tasha ya samu tsoka. Direba kuwa, ƙafar ragon ya miƙa masa.

Kai da kake kiran duk abin da ba ka saba ji ba hayaniya, ka riƙe wannan. Hausawa sun ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.