Wa Ya Ce a Saki Motar?

Likita bai gama cewa sai an yanke ƙafar ba, Tsohon Soja ya fice daga asibitin. Ɗansa ne fa, tilo, direban tirela a kamfanin jigilar kaya. Shi da kansa ya sa shi aikin, wai namiji daga ƙasa yake farawa. Birki ya ƙi ci a gangare, mota ta kife da shi. Abin da ya fi ƙona wa uban rai, tun da safe yaron ya faɗa cewa birkin ba lafiya, aka ce ya tafi haka nan.

To, wa ya ce? Shi ya fito nema. Ya rantse ko ɗan gidan uban waye, sai ya karya masa ƙafa ya ji in da daɗi. Ya zaro ƙarfen kwance taya daga bayan motarsa, ya nufi kamfanin.

Maigadin kamfanin ya wangale ƙofa, ko tambaya babu. A gareji Tsohon Soja ya ritsa shugaban makanikai, hannu duk baƙin mai.

"Yallaɓai, wallahi na ce motar nan ba ta tafiya. Shugaban direbobi ne ya ce a sake ta."

Shugaban direbobi ƙato ne, amma da ya ga ƙarfen sai ya hau rawar ɗari da tsakar rana. Shi ɗan aike ne, in ji shi, daga jami'in sufuri maganar ta zo. Jami'in sufuri kuwa da ɗan yatsa ya nuna bene, ofishin manaja.

Haka tsarin gidan yake, ba a tsallake na gaba. Kuka sai ya bi matakala ɗaya bayan ɗaya, in ma ya kai. Umarni kuma gangarowa yake, ba mai tambayar dalili. Tsohon Soja ya san wannan tsari tun a bariki, ya sha yabonsa a gaban mutane. Yau kam ji ya yi ya tsane shi. Matsoratan banza, kowa na laɓewa bayan wani!

Manaja ya miƙe tsaye tun kafin ya shigo. Tsohon Soja ya maka ƙarfen a tebur, gilashi ya tarwatse.

"Maganar birkin ta iso nan?"

"Ta iso, yallaɓai."

"Ka kai ta sama?"

Manaja ya ce, "Wa ya isa? Mai kamfani ya ce duk motar da ta kwana a gareji, wanda ya kwanar da ita ya kama gabansa. Ya ce ko motar ɗan waye. Ya ce kada a sake hawo masa da uzuri."

Tsohon Soja ya juya. Ya ɗauki ƙarfensa ya nufi benen ƙarshe, ma'aikata na darewa suna mannewa da bango. Matakala kaɗan ce, amma gumi ya jiƙe masa riga. Rantsuwa dai ya riga ya yi, kuma bai taɓa yin magana biyu ba.

Ofishin mai kamfani a kulle yake. Ya daɗe tsaye a bakin ƙofar, ƙarfe a hannu. Sannan ya laluba aljihu, ya ciro makulli, ya buɗe, don ofishin nasa ne.