Kwamfutar da ta danne awara

Wanda ya mutu ba ya dawowa ya ba da shaida. A kan wannan malamai da likitoci ba su taɓa saɓani ba. Sai dai da aka yanke maganar ba a tuntuɓi masu gyaran kwamfuta ba. Tunda ka ce da kunnenka ka ji, malam, zauna in ba ka misali.

Wani malamin makaranta ne, mahaifinsa manomi. Shekarar da tsohon ya ji jiki ya fara yi masa gardama, ya ja ɗan nasa gona don ya nuna masa iyakarsu da gonar ƙanen tsohon. Malamin ya ɗauki bidiyon zagayen a waya, ya juye a kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, irin ta da, mai nauyin tubali. Tsoho ya rasu, ƙanensa ya bi shi, waya ta ɓata, ita kuma kwamfutar wata safiya aka danna ta ƙi tashi. Ya sayi sabuwa. Tsohuwar kwamfutar kuwa, matarsa ta naɗe ta a leda tana danne awara da ita, kuma shekara biyu ba ta taɓa kawo ƙorafi ba.

Ana nan ɗan baffansa ya sa garma ya ja kunya uku ta gefen tsamiya. Malamin ya ce ya ji mahaifinsa ya ce tsamiyar ce iyaka. Ɗan baffan ya ce shi kuma ya ji suri ne, wanda ke taku goma kafin a kai tsamiya. Kowa ya kawo shaidu gaban mai unguwa, dukansu dattawa, dukansu sun ji. Gaisuwa ta yanke tsakanin gida biyu masu kaka ɗaya. Mai unguwa ya ce in Juma'a ta zo ba hujja, sai rantsuwa da Alƙur'ani, malamin kuwa ya ce a kawo, shi ba ya ko ɗar.

Ranar Laraba ya tuna da abin da ke kan awara, ya ɗauka ya kai wa mai gyara. Mai gyara ya shinshina kwamfutar, ya kwance ƙusa huɗu, ya zaro wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba. Ya ce gangar jikin ce ta mutu, wannan shi ne rumbunta, kuma rumbu bai san maigida ya faɗi ba. Ya sa shi a ɗan kwanso, ya jona waya zuwa sabuwar. Wani koren layi ya yi ta rarrafe a fuskar gilashi kamar hawainiya.

Ni dai ba mai saurin mamaki ba ne, na yi karatu daidai gwargwado. Amma abin da ya biyo baya ban san sunan da zan ba shi ba. Tari aka fara ji, tarin da malamin ya sani tun yana goye. Sai ga tsoho, shekara huɗu a ƙasa, yana tafe da sandarsa da hularsa a karkace, iska na kaɗa masa riga, har kukan kurciyar ranar yana nan bai tsufa ba. Ya tsaya a suri, ya buga sanda, ya ce, "Nan ne. Tsamiya ta ƙanena ce, inuwa kawai muke sha. Kai kuma riƙe abin da kyau, hannunka na rawa." Wata murya daga bayan hoton ta ce, "To, Baba." Muryar malamin ce.

Ba wanda ya gani sai shi da mai gyara, kuma sharewa ba ta wuce danna yatsa ɗaya ba. Ya daɗe zaune yana tuna hannun da ya kusa ɗorawa a kan Alƙur'ani. Ranar Juma'a ya buɗe kwamfutar a zauren mai unguwa. Da tsohon ya yi sallama a cikin gilashi, dattawan nan suka amsa masa gaba ɗaya kafin su ankara. Ɗan baffan, da ya ci shari'a, shi ya fi kowa kuka, ya roƙi a maimaita wurin da aka ce "ƙanena". Shaidun malamin kuwa suka ce dama su ma kamar suri suka ji.

Shi ya sa Hausawa suka ce gani ya kori ji. Gangar kwamfutar ta koma kan awara. Matar ta ce ta ɗan rage nauyi.