Cibiyar Ɗan Injiniya

Doka ta hana gina tashar nukiliya sai mutanen gari sun amince da ƙuri'a, kuma dole injiniyan ya zauna cikinsu da iyalinsa. Gwaggo Dije, ungozomar Tudun Gawo inda za a gina tashar, tana tsoron ya gina ya gudu, domin kullum motarsa ƙofar fita gari take fuskanta.

Ranar zaɓe matarsa ta haihu.

"Gwaggo, ina za mu binne cibiyar?" in ji injiniyan.

"Ba garinku za ka kai ta ba, ɗan nan?"

"Nan zai girma. Zaɓar masa wuri."

Ta binne ta a gindin ɗorawar da ke kallon filin tashar, ta sauke ajiyar zuciya, ta wanke hannu, ta nufi rumfar zaɓe da murmushi. Motar dai ba a juya ta ba.