Faifan da Ya Ƙi Tashi

Baƙin allon ya sake maimaita maganarsa ta jiya da shekaranjiya: babu faifan da za a tashi da shi. Auta ya yi tsaki, ya ture kofin shayin da ya huce, ya koma kan saiti.

A waje kowa Injiniya yake ce masa, amma a wurin yayarsa har gobe Auta ne. Ita ta kawo masa tsohuwar kwamfutar mijinta, wadda cikinta ya ƙone tun da daɗewa. Marigayin, yana kwance a gadon jinya, ya yi ta ɗaukar muryarsa yana yi wa 'yarsu magana, lokacin ko zama ba ta fara ba. Yanzu yarinyar ta girma, ta ce tana so ta ji muryar babanta. Sai dai a kulle ya ajiye muryoyin, kuma ba sa buɗuwa sai tsohuwar manhajar ta tashi da kanta ta karɓi kalmar sirri.

Auta ya ce ai wannan ƙaramin aiki ne, har da murza gashin baki. Ya ciro tsohon faifan ajiyar kwamfutar, ya haɗa shi da wani sabo fil, ya ba da umarnin kwafi yana hira a waya. Aiki ya tafi sumul, ko tuntuɓe babu. Ya naɗe tsohon a tsumma ya kulle a durowa. Daga sabon ya matse duk abin da ke ciki a fayil guda, ya ga ya fito ɗan mitsitsi, ya yaba wa manhajar matsewar.

Sannan ya gina kwamfutar kwaikwayo a cikin tasa, ya ɗora mata fayil ɗin. Ta ƙi tashi.

Bai damu ba da farko, don ya san inda irin wannan cutar take. Tsakanin manhaja da faifai akwai kwantirola, ɗan aiken da ke kai saƙo ya dawo da amsa. Tsohuwar manhaja ba ta san na zamani ba, in ta ga baƙo sai ta ɗauke kai kamar ba ta ga faifan ba. Ya sauya mata da tsoho. Shiru. Ya gwada wanda ya fi shi tsufa, ya sauya kafa, ya sauya jerin abin da za a fara nema. Ya tambayi abokan sana'a, kowa ya ce kwantirola ne, kowa ya ba shi nasa maganin. Duk ya sha, ciwo na nan.

Kullum da hantsi Yaya takan biyo ta shagon. Ba ta tambaya, sai ta zauna a kan benci tana kallon allon da ba ta gane komai a cikinsa. Wannan shirun ya fi zagi yi masa ciwo. Ya rame, ya daina ɗaga wayar masu kawo gyara, ya fara tsanar ƙarar fankar injin.

Yau da ta ga idonsa ya yi ja, ita ce ta koma lallashinsa.

"Auta, kada ka kashe kanka. In ta ƙi, ta ƙi. Ba ka ce na ainihin yana durowa ba? Muddin yana nan, muryarsa na nan. Ko ba yau ba za ta ji shi."

Ya ce haka ne, Yaya. Ya raka ta bakin ƙofa, kunya da tausayi sun cika masa ciki.

Da ya dawo ya yanke shawarar sake komai daga tushe. Ya buɗe tarihin umarnin da ya bayar, don ya ɗauko na kwafin ya maimaita. A irin wannan umarni sunan faifai mai bayarwa ake fara rubutawa, sannan na mai karɓa, kuma harafi ɗaya ne ya raba sunayen faifan biyu.

Ya karanta layin. Ya sake karantawa da yatsa a kan allo.

Kwamfutar ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, kwantirola kuma bai da laifi: tun ranar farko, yana dariya a waya, sabon faifan da babu komai a cikinsa ya juye a kan na marigayin, ya shafe shi tas.