Fitilar Dutsen Patti

Tun da teku ta cinye Lokoja, dangin Inna Tasalla ke kunna fitilar hasumiyar Dutsen Patti. Iskar gishiri ta ci ƙofofin, ta ci idonta ɗaya.

Da hantsi Jatau, jami'in hukuma, ya iso cikin jirgin da ba matuƙi.

"Inna, doka ta ce a kashe fitilar. Jiragen yanzu ba sa buƙatar haske."

"Masunta fa? Da ido suke komowa gida."

"Ba sa cikin rajista."

Ta ɗauki tsummar goge gilashi, ta nufi matakala.

"To hau ka kashe da hannunka, ɗana. Amma ka tsaya har magariba, ka ji yadda suke kiran sunana daga cikin ruwa."