Jan Kifin Sabuwar Shekara

"Biki ya ƙare, kai kifin nan tafkin lambu ki zubar," in ji mijina, ko kallona bai yi ba.

Haka muke kowace sabuwar shekara a Tehran: jan kifi a kwalba yana ƙawata tebur, ni kuwa ina dafa wa dangin miji shinkafa har bayana ya ƙage.

Na juye shi a tafkin. Ga ruwa shimfiɗe, amma sai zagaye yake daidai faɗin kwalbar.

Sai ga mijina a waya: "Wai ina shayin Mama?"

Na ɗaka wa ruwan duka, na ce wa kifin: "Tafi mana, sakarai! Wa ya riƙe ka?"

Kifin ya tafi. Na kashe wayar, na cire takalmi, na tsoma ƙafafuna.